Yadda ake ziyartar gawarwakin Fir'aunonin Masar a gidan tarihin Fusɗaɗ

Duk wanda ya sauka Alƙahira daga wajenmu, ɗalibin Azhar ne ko mai rakiyar marar lafiya ko ɗan kasuwa, da wuya ya yi mako bai ce a kai shi ya ga Fir'auna ba. Na sha raka baƙi wannan ziyara, kuma abin da na lura shi ne yawanci mutum yakan shiga ɗakin ya fito cikin minti goma, bai san wa ya gani ba, sai dai ya ce "wallahi abin tsoro." Alhali mutum ashirin ne kwance a wurin, kowa da tarihinsa a rubuce a jikinsa. Idan ka bi abin da zan faɗa maka, da kuɗin tikiti ɗaya za ka ga abin da wani bai gani ba ko da ya je sau uku.

Abin da za ka tanada

Katin banki mai aiki a ƙasar waje, Visa ko Mastercard. Yawancin manyan wuraren tarihi na Masar sun daina karɓar tsabar kuɗi a wurin sayen tikiti. Ba kowane katin naira ke aiki a waje ba, don haka ka gwada naka a wani kanti tun kafin ranar. In ya ƙi, ka tafi da wani mazaunin garin ya biya da nasa, kai kuma ka ba shi fam a hannu.

Fasfo ko kwafinsa, da katin ɗalibi idan kai ɗalibi ne. Ana yi wa ɗalibai ragi mai tsoka, amma sai katin yana da hoto kuma wa'adinsa bai ƙare ba.

'Yan canjin fam na Masar don tasi da ruwa da shayi. Waya mai caji da layin Masar, saboda kiran mota. Ƙaramin littafi da biro, domin ba a ɗaukar hoto a ɗakin gawarwakin, abin da ka rubuta shi za ka koma da shi gida. Takalmi marar takura. Riga mai ɗan kauri ga mai jin sanyi, don ɗakin a sanyaye yake ko da ana tsakiyar zafin watan Yuli. Mai amfani da tabarau kada ya manta da shi, hasken ɗakin kaɗan ne ƙwarai.

Babbar jaka kuwa ka bar ta a masauki.

1. Ka san gidan da za ka

Nan ne mafi yawan mutane ke ɓata yini. Alƙahira tana da manyan gidajen tarihi uku da ake rikita su. Akwai tsohon gidan da ke dandalin Tahrir, mai jan fenti, wanda aka buɗe a 1902. Akwai sabon katafaren gida da ke Giza kusa da dala, inda aka tara dukiyar Fir'auna Tutankamun. Sai na uku, Gidan Tarihin Wayewar Masar da ke Fusɗaɗ, a gefen tafkin Ainus Sira. Wannan na ukun shi ne naka.

Gawarwakin sarakunan sun yi shekaru da dama a Tahrir. A ranar 3 ga Afrilu, 2021 aka kwashe guda 22, sarakuna maza 18 da mata 4, aka yi musu jerin gwano na motoci da bugun bindiga zuwa Fusɗaɗ, makonni biyu bayan haka aka buɗe ɗakinsu ga jama'a, inda aka baje ashirin daga cikinsu. Duk wanda ya yi karatu a Masar kafin wannan shekara, Tahrir zai kwatanta maka, kuma da gaskiyarsa, a can ya gan su. Kada ka bi kwatancensa.

Gawar Tutankamun kuma ba ta cikin waɗannan. Tana kabarinsa a Kwarin Sarakuna da ke Luksor, can kudancin ƙasar.

2. Ka zaɓi rana da lokaci

Ana buɗewa ƙarfe 9 na safe a rufe ƙarfe 5 na yamma, ranar Juma'a kuma akan ƙara buɗewa da daddare. Lokutan sukan sauya da azumi, saboda haka ka duba shafin gidan na intanet kwana ɗaya kafin tafiya.

Ka isa da buɗewa. Daga wajen ƙarfe 11 motocin 'yan yawon buɗe ido da na 'yan makaranta ke fara sauke mutane, hanyar cikin ɗakin kuma siririya ce, da an cika sai ka ga na baya yana tura ka gaba. Juma'a da Asabar ne hutun mako a Masar, iyalai sukan fito. Ranakun tsakiyar mako sun fi daɗi. Ka ware awa uku: ɗaya a babban zaure, ɗaya a ƙasa wurin gawarwaki, ɗaya ta hanya da hutawa.

3. Hanya

Mafi sauƙi ka kira mota ta Uber ko inDrive, ka sa sunan gidan a taswira da kanka. Idan farar tasi ka tare, ka ce masa "Mathaful Hadara, Fusɗaɗ, Ainus Sira." Kada ka tsaya a "mathaf" kawai, wato gidan tarihi, don kai tsaye Tahrir zai nufa da kai. Ku gama maganar kuɗi ko ya kunna mita tun kafin ka zauna.

Mai son rage kashe kuɗi sai ya hau metro. Layi na ɗaya, wanda ya nufi Helwan, ka sauka tashar Malikus Salih, daga nan ka ɗauki tasi, don akwai ɗan nisa a ƙafa kuma titin ba na tafiyar ƙasa ba ne. Wanda ya taso daga Abbasiyya, wajen masaukin ɗaliban Azhar, zai hau layi na uku ya sauya a tashar Nasir. A tsakiyar kowane jirgi akwai taragun mata zalla. Mata su shiga su huta da matsi, kai kuma namiji ka kula kada gaggawa ta sa ka faɗa ciki.

4. Tikiti da ƙofa

Farashin 'yan ƙasa daban, na baƙi daban, kuma yana hawa lokaci zuwa lokaci, don haka ka duba shi a shafin gidan. Ana iya saye ta intanet a nuna a waya. Tikiti ɗaya ne ya haɗa babban zaure da ɗakin gawarwaki. Idan wani ya tare ka a waje ya ce zai sama maka "tikitin mumiya" na daban, wato na ganin busassun gawarwakin, ka yi masa godiya ka wuce.

Za a sa jakarka a na'ura. Ka shiga bayan gida ka sha ruwa tun a sama, domin da ka sauka ƙasa hanya ɗaya ce, shiga ta nan fita ta can.

5. Ka fara da babban zaure

Zumuɗi zai ce ka gangara ƙasa nan take. Idan ka iso da sassafe kuma ka ga jama'a sun fara taruwa, to gangara, ka dawo zauren daga baya. In ba haka ba, ka zaga zauren tukuna. An jera kayansa daga zamanin da ba a fara rubutu ba, akwai ƙwarangwal ɗin mutumin Nazlat Khatir mai shekara fiye da 30,000, har zuwa zamanin Fir'aunoni, Girkawa da Rumawa, Kiristocin Kibɗawa, da Musulunci. Ka tsaya sosai a kan akwatunan gawa masu zane, ka ga irin gidan da ake sa mamaci.

Abin da kake buƙatar sani game da yadda ake busar da gawa bai da yawa. Aikin yakan ci kwana 70. Ana ciro ƙwaƙwalwa ta hanci, a tsaga gefen ciki na hagu a fitar da hanta, huhu, tumbi da hanji, a adana su a tuluna huɗu. Zuciya ana barin ta, don a imaninsu ita za a auna a lahira. Sai a binne jikin cikin kanwa kimanin kwana 40 har ruwan jiki ya tsotse ƙaf. Kanwar daga Wadin Naɗrun ake haƙo ta, tsakanin Alƙahira da Iskandariyya. Bayan nan a shafe shi da mai da ƙaro, a cusa ƙyalle a inda ya loɓa, a naɗe da lilin ana sa layu tsakanin naɗi. Wannan ƙaron shi ya sa fatar yawancinsu ta yi baƙi ƙirin.

Sai ka riƙe shekaru biyu a kanka, 1881 da 1898. Ba a kaburburansu aka tarar da yawancin waɗannan sarakuna ba. Tun kusan shekara 3,000 da suka wuce ɓarayi suka addabi Kwarin Sarakuna, sai limaman wancan zamani suka tattara gawarwakin suka sake naɗe su, suka rubuta sunaye a kan likkafani, suka ɓoye. Maɓoya ɗaya tana Dirul Bahari, kusa da Luksor, hukuma ta kai gare ta a 1881 bayan wasu mutanen wani ƙauye na kusa sun daɗe suna zaro kaya suna sayarwa. Ta biyu kabarin Amenhoteb na Biyu ce, wadda Bafaranshe Victor Loret ya buɗe a 1898. Shi ya sa za ka ga wani da karyayyen hannu, wani an sa shi a akwatin da ba nasa ba.

6. Sauka ɗakin

Daga tsakiyar zaure gangare zai kai ka ƙasa. Bango baƙi ne, hasken kuma a kan gawarwakin kawai aka saita shi, da gangan aka yi don ya yi kama da kaburburan Luksor. Ka tsaya minti ɗaya a bakin shiga idonka ya saba da duhu.

Wayarka ta koma aljihu. Ma'aikata suna sa ido, kuma ba sa wasa da maganar hoto. Kada ka jingina da gilashi ko ka ƙwanƙwasa shi, akwatunan a rufe suke ruf, an daidaita sanyi da laimar cikinsu. Magana ƙasa-ƙasa. Masu yi wa baƙi jagora a waje suke gama bayaninsu. Rubutun da ke gefen kowace gawa da Larabci da Turanci ne. Idan a cikinku akwai wanda ba ya karanta ko ɗaya, ka yi masa bayani tun a sama, a ciki sai dai raɗa.

Game da yara, ni ba na shiga da wanda bai kai shekara bakwai ko takwas ba. Babba ma ka gaya masa tun a gida cewa matattu zai gani fuska a buɗe. Wanda jiri ya ɗebe shi, ya bi kibiyoyin ƙasa ya fita, ba abin kunya ba ne.

7. Yadda ake kallo, da waɗanda za ka daɗe a kansu

An lulluɓe kowace gawa da ƙyalle, kai da hannaye da ƙafafu ne galibi a waje. Ka fara da karanta suna da shekaru. Sai ka dubi fuska ta gefe, don ta gefe kamanni ke fitowa. Sai gashi, haƙora, kunne, farce, yatsun ƙafa. Sai yadda aka ajiye hannaye: yawancin sarakuna maza hannu biyu a harɗe bisa ƙirji, wasu matan sarauta kuwa hannun hagu ne a lanƙwashe bisa ƙirji, na dama a miƙe. An jera su bisa tsarin zamani, don haka kaka da ɗa da jika kake wucewa.

Sekenenre Ta'a ne za ka fara tararwa, kuma ya fi kowa tayar da hankali. Ya mutu wajen shekara 1,550 kafin haihuwar Annabi Isa, a lokacin yaƙi da Hiksos, baƙin da suka mamaye arewacin ƙasar. Dubi goshinsa da saman idonsa na dama, sarar gatari ce a fili. Leɓe ya ja baya, haƙora a waje. Hoton na'urar CT, mai leƙa cikin jiki, da aka yi nazari a 2021 ya nuna alamar an ɗaure masa hannu kafin a kashe shi.

Amenhoteb na Ɗaya ba za ka ga fuskarsa ba. Shi kaɗai ne masana na zamani ba su kwance ba, saboda kyan naɗinsa da furannin da aka yafa masa. Na'ura ce ta leƙa ciki ta nuna ya mutu yana da kimanin shekara 35.

Hatshebsut mace ce da ta hau gadon sarauta da kanta fiye da shekara 20. Sai a 2007 aka danganta wannan gawa da ita, ta hanyar wani haƙori da aka samu a akwati mai sunanta, ya dace da giɓin bakin gawar. Har yanzu akwai masanan da ba su gamsu ba. Kusa da ita Tuhutmus na Uku ne, mayaƙin da ya kai hari ƙasar Sham har sau 17. Ɓarayin kabari sun yi masa kaca-kaca, haɗa shi aka yi. Tuhutmus na Huɗu kuwa ramamme ne, kunne a huje. Shi ne wanda aka ɗora a keken doki a 1903 aka kai shi ɗaukar hoton ƙashi a cikin Alƙahira.

Sarauniya Tiye, kakar Tutankamun, a nan mata ke daɗewa. Gashinta na nan, dogo mai lanƙwasa, ya zubo har kafaɗa, bayan shekara fiye da 3,300.

Seti na Ɗaya ya fi kowa kyan fuska. Baƙi ne wuluk saboda ƙaro, ido a rufe, haɓa a ɗage, kamar dattijon da ya kishingiɗa bayan azahar. Ka dube shi da kyau, sannan ka matsa wurin ɗansa Ramsis na Biyu, ka gwada hanci da haɓa. Ramsis ya yi mulki shekara 66, ya mutu yana kusan 90. Hanci dogo mai ƙugiya, wuya siriri, ɗan gashi a gefen kai da ƙeya mai launin ja-ja saboda lalle, haƙora sun cinye. A 1976 aka kai shi Faris don magance wani naman gwari da ke cin jikin.

Sibta ka dubi ƙafarsa ta hagu, ta shanye ta lanƙwashe, masana da dama suna ganin shan inna ne. Ramsis na Uku wuyansa a naɗe yake da kauri. Shekaru ba a san dalili ba, sai a 2012 na'ura ta nuna yankan wuƙa har ƙashi. Takardar shari'ar waɗanda suka ƙulla masa makirci, ciki har da wata matarsa da ɗanta, tana birnin Turin na Italiya. Ramsis na Huɗu ƙananan albasa aka sa masa a gurbin ido. Ramsis na Biyar kuma fuska da wuya duk ƙuraje ne irin na agana.

Sauran ka karanta sunansu ka wuce, ba dole ka tsaya a kan kowa ba.

8. Maganar Fir'aunan Annabi Musa

Ita ce tambayar da kowane baƙonmu ke riƙe da ita, saboda aya ta 92 a Suratu Yunus da ta yi maganar tsirar da jikin Fir'auna ya zama aya ga na baya. Babu allon da aka rubuta "wannan ne" a ɗakin, kuma ma'aikacin da ka tambaya zai yi murmushi ne kawai. Alƙur'ani bai ambaci sunansa na yanka ba, Attaura ma haka.

Mutum biyu aka fi nunawa, Ramsis na Biyu da ɗansa Marnabta. Likitan nan Bafaranshe Maurice Bucaille, wanda ya duba gawarwakin a shekarun 1970, ya karkata ga Marnabta, kuma daga wurinsa maganar ta bazu a wa'azozi. Sunan Isra'ila ya fara bayyana a tarihin Masar ne a kan wani dutse na Marnabta, wanda ke gidan tarihin Tahrir. Amma hujjar da aka fi yawo da ita, wai an samu gishirin teku a jikin, ba ta da ƙarfi, tunda kusan duk wanda ke ɗakin sai da ya yi kwanaki cikin kanwa mai gishiri. Hotunan da ake turawa a WhatsApp na wata gawa a dunƙule cikin rairayi, ana cewa Fir'auna ne ya mutu yana sujada, wannan gawar tana gidan tarihin Birtaniya a Landan, kuma mutumin ya rayu tun kafin a yi sarautar Fir'aunoni.

Ka dubi uban, ka dubi ɗan, ka ɗauki izinarka. Amma in ka koma gida kada ka rantse wa mutane cewa ka ga wanda ya nitse.

Akwai kuma wanda zuciyarsa ba ta kwanta da kallon mamaci a gilashi ba. Ba shi kaɗai ba ne, shugaba Anwar Sadat ma ya taɓa sa an rufe ɗakin gawarwakin na Tahrir, sai bayan shekaru aka sake buɗewa. Wanda yake jin haka ya jira a babban zaure, kada a matsa masa.

9. Bayan fitowa

Ka zauna a bakin tafki ka rubuta abin da ka gani tun bai gauraye ba, don bayan kwana biyu Ramsis da Tuhutmus duk za su zame maka ɗaya. Daga nan masallacin Amru ɗan Asi tafiyar 'yan mintuna ce a mota. Shi ne masallacin farko a Masar, an kafa shi tare da garin Fusɗaɗ bayan shigowar Musulmi a 641. Idan ka shiga gidan tarihin ƙarfe 9, azahar za ta same ka a can. Tsofaffin cocin Kibɗawa na kusa da shi, tashar metro ta Mar Girgis kuma na bakin ƙofarsu, ta nan za ka koma.

Idan wani abu bai samu ba

Wanda lokaci ya ƙure masa, awa ɗaya kacal gare shi, ya gangara ƙasa kai tsaye ya tsaya wurin mutum biyar: Sekenenre, Tiye, Seti, Ramsis na Biyu da Ramsis na Uku.

Wanda ya riga ya tsinci kansa a Tahrir bai yi asara duka ba. A hawan sama akwai Yuya da matarsa Tuya, iyayen sarauniya Tiye, fuskokinsu ma sun fi na wasu sarakunan kyau, akwai kuma ɗakin busassun dabbobi, har da kada da biri da kare. Dutsen Marnabta na hawan ƙasa.

Wanda tafiyarsa ta kai Luksor zai ga Tutankamun a kabarinsa, da tikiti na daban. A gidan tarihin Luksor akwai Ahmos na Ɗaya, wanda ya kori Hiksos, da wata gawa da ake kyautata zaton Ramsis na Ɗaya ce, wadda aka dawo da ita daga Amurka a 2003. A bakin kogi kuma akwai ƙaramin gidan tarihi na aikin busar da gawa, inda aka baje wuƙaƙe da ƙugiyar ciro ƙwaƙwalwa da ita kanta kanwar. Jirgin ƙasa na kwana yana tashi daga Alƙahira da yamma ya isa da sassafe, sai dai ka yanki tikitinsa kwanaki kafin tafiya, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu.